Shaton da Aka Yi wa Kwalliya Saboda Ni

A tashar Agadas aka fara koya mini hankali. Na sayi kujerar gaba saboda akwatin kayan aikina, ɗan kamashon ya dafa ƙirji ya ce ni kaɗai ce a wurin, ko ƙuda ba zai raɓe ni ba. Da aka zo tashi sai na tarar ya sayar wa wasu mutum biyu kujerar nan, shi kuma an neme shi sama da ƙasa an rasa. Na buɗe baki zan yi irin masifar da muka iya a Kano, direba ya dube ni ya ce, "Hajiya, in faɗa za ki yi ki yi, amma mota ɗaya ce yau." Na haɗiye maganata, na ɗora akwatin a cinya. Haka na kama hanyar Arlit, ƙafata ɗaya a kan buhun albasar wani.

An ce hanyar da can kwalta ce. Yanzu direbobi sun bar mata wurinta, sun yi tasu a gefe cikin rairayi. Ni da nazarin tsaga ne sana'ata, ranar na ga tsaga har ta gundure ni.

A wani shinge jandarma ya sa na buɗe akwatin. Ya ga kwamfuta, ya ga kyamara da ƙafafunta, sai fuskarsa ta sauya. Garin da ake haƙar yuraniyom ba a cika son baƙo mai kyamara ba.

"Madam, 'yar jarida ce ke?"

"A'a, ranka ya daɗe. Injiniya ce."

"Me za ki ɗauka a Arlit?"

"Tsaga."

Na ga ya ɗauka raini ne, sai na gyara tsayuwa na yi masa bayani yadda nake yi wa mahaifiyata. Na ce gini ba ya faɗuwa haka kawai. Tsaga ce take farawa siririya kamar gashi, ta yi ta tafiya a ɓoye har ranar da za ta gama aikinta. A da, in ana son sanin inda za ta bi, sai a sa babbar kwamfuta ta yi ta lissafin kowane gutsuren bango da nauyin da ke kansa, a wuni a kwana. Mu kuwa a jami'armu muka sauya dabara. Muka tara hotunan tsagogi masu ɗimbin yawa, kowace daga farkonta zuwa ƙarshenta, muka yi ta nuna wa kwamfuta har ta gane halinsu da kanta. Yanzu in ka nuna mata inda tsaga take a da, da inda take a yau, za ta zana maka inda ta dosa.

Ya ce, "Wato bokanya ce ke, amma ta bango."

Na ce ya fi ni iya bayani. Ya rufe mini akwatin da hannunsa.

Abin da ya kai ni kuwa shato ne. Haka suke kiran tankin ruwa na siminti da ake ɗorawa a kan ginshiƙai. Kwamitin ruwa na wata unguwa ne ya aiko wa malamina da saƙo cewa ɗaya daga cikin ƙafafun shatonsu ta tsage, ga bazara tana tafe, lokacin da ake cika shi taf kullum, kuma a ƙarƙashinsa mutane suke wuni. Tambayarsu ɗaya ce: a bar shi, ko a kori jama'a a rage ruwan? Malamina ya ce, "Rakiya, ga jarrabawarki." Ban ji ko ɗar ba. Na san abin da na gina, na kuma san zai yi aiki.

Mun shiga Arlit da la'asar, muna ratsa motocin da ke kwaso ma'aikatan ma'adini da manyan motocin kaya masu tafiya Assamakka, can bakin iyaka. Wani ɗan kabu-kabu ya kai ni gidan da aka tanadar mini masauki, gidan Inna Mariama. Dattijuwa ce 'yar Damagaram, mijinta ya rasu, tana sayar da abinci. Da ta ji daga inda na fito sai ta tafa hannu.

"Bakanuwa! Ashe baiwa Allah ya aiko mini. Ku ɓoye tukwane, kar ta sayar mana da su ta dawo ta ce haya za mu biya."

Na ce, "Inna, ai mu ba ma sayen tukunyar da ba a taɓa dafa nama a cikinta ba."

Ta yi dariya har da hawaye. Tsakanin Kanawa da Damagarawa irin wannan wasan shi ne sallama. Ta kawo mini dambu da mai da yaji, ta zauna tana kallona har na cinye. A lokacin ne kewar gida ta taso mini, saboda mahaifiyata ma haka take yi. Na kira ta a waya, layi ya ƙi shiga. Na zauna a bakin katifa na yi kukana kaɗan, na share ido, na shiga goge kyamara.

Washegari shugaban kwamitin ya zo ɗaukata. Malam Ghissa, Buzu ne dogo mai rawani, ya yi aikin ma'adini har ya yi ritaya. Hausarsa ta mutanen Abzin ce, mace da namiji duk "kai" yake ce musu.

"Injiniya, ka zo lahiya? Mutane duka suna jiranka."

Ban ɗauka da gaske yake ba sai da muka sha kwana. An shimfiɗa tabarmi, an kafa rumfa, ana ta dafa shayi. A bayansu ga shato tsaye, fari fat, an yi masa ɗamara da shuɗin fenti. Ƙafafunsa sumul kamar jiya aka gina su. Na zaga shi, na sake zagawa.

"Malam Ghissa, ina tsagar?"

Ya yi murmushin wanda ya gama aikin kirki. "Mun gyara shi. Mun ce baƙo zai zo tun daga Najeriya, ba za mu bari ya ga shatonmu kamar na marayu ba. Kowane gida ya kawo abin da ya samu, muka sayi sima, wato siminti, da fenti. Magini ya cika ramin, ya shafe shi da kyau."

Na ratso ƙasa biyu don in ga abu ɗaya, su kuma saboda girmama ni sun binne shi. Na so in yi ihu. Amma ga dattawa a zaune suna jiran in yaba, ga mata sun sha ado, ga ƙaramin kofin shayi an miƙo mini. Na karɓa na shanye. Sannan na ce, "Allah ya saka da alheri. Ban taɓa zuwa inda aka karrama ni haka ba. Amma Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kun kira likita, kun sa wa mara lafiya babbar riga."

Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ban ji daɗin ganin haka ba, amma ban janye maganata ba.

Na sa aka kira maginin ya farfasa shafen a ƙasan ginshiƙin. Tsagar tana nan, amma an ɗura mata siminti, guduma kuma ta ɓata mata baki. Na hana shi ci gaba, don duk inda ya daka ƙara lalata mini shaida yake yi. Da na same ta a buɗe, da na dinga ɗaukarta kullum ina ganin motsinta. Yanzu sai dai in jira ta sake ɓullowa ta cikin sabon shafe, bazara kuwa ba za ta jira ni ba. Na ɗauki hoton ginshiƙin haka nan na ba kwamfuta don in ji me za ta ce. Ta ce lafiya lau. Ita ma kwalliyar ta ruɗe ta.

A gindin wannan ginshiƙin ne rumfar abincin Inna Mariama take. A duk unguwar babu inuwa irin ta shato, ita kuma ta samu tsakiyarta tun da jimawa. Direbobi, 'yan kabu-kabu, 'yan makaranta, kowa a nan yake cin shinkafa da wakenta. Kwanakin da suka biyo baya a nan nake wuni, ina kallon farin ginshiƙi ina cizon yatsa. In na ce a bar shi kuma ya faɗo, a kan waɗannan mutanen zai faɗo. In na ce a tashi ba tare da hujja ba, na raba tsohuwa da abincinta a banza.

Mafita ta zo ne ranar da aka yi wani biki. Na ga an kawo amarya da ƙawayenta an jera su a gindin shato ana ɗaukar hoto. Na tambayi Inna ko yau ne aka fara haka saboda sabon fenti.

"Ina! Ai duk wanda ya yi aure ko suna a unguwar nan a nan yake hoto. Ina wata inuwar? So kike amarya ta narke?"

Na ajiye cokali. Idan shekara da shekaru ana hoto a nan, to tsagata tana tsaye a bayan kowace amarya.

Da na gaya wa Malam Ghissa sai ya miƙe tsaye, kamar dama yana neman hanyar da zai wanke kansa. Ya sa aka yi shela a masallaci. Ni kuma na shiga gida-gida, kuma a nan zamana mace ya yi mini rana, don har uwar ɗaki ake kai ni. Aka dinga fito mini da wayoyi, da tsofaffin hotuna daga ƙasan akwati. Wata ta ce sai na ci tuwo za ta nuna mini, wata ta ce kar in kalli kitson da ta yi a lokacin. Hotunan waya suna ɗauke da ranarsu. Na takarda kuwa sai mu yi lissafi da yara: wannan ranar sunan Abdu ce, ga shi yanzu yana tuƙa babur. Ba su san ni ba, amma suka damƙa mini bukukuwansu da mamatansu.

Na dinga yanke mutanen ina barin ginshiƙin, ina jera hotunan daga na da zuwa na yanzu. Tsagar ta bayyana, tana hawa sama sannu a hankali. Sai dai kowa daga gaba yake ɗauka. A hotunan baya-bayan nan tsagar ta karkata ta zaga gefen da rumfar Inna ta rufe, ta ɓace mini. Kwamfuta ta ba ni hanya biyu. Ko dai ta tsaya a can ta mutu, ko kuma ta nufi inda ginshiƙin ya haɗu da cikin tankin. Ta farko ba komai ba ce. Ta biyu kuwa ajali ce.

Maƙwabciyarmu ce ta tsegunta mini cewa Inna tana da hoto daga cikin rumfar. Na mijinta ne, an ɗauke shi yana jingine da ginshiƙin, ana saura kaɗan ya rasu. Na same ta tana tsince wake.

"Inna, an ce kina da hoton Baba a rumfa."

Hannunta ya tsaya. "Wa ya ce?"

"Ina so in gani."

"Bakanuwa, kin ci abincina, yanzu kuma mijina kike so?"

Wasa ta yi, amma ba ta yi dariya ba. Na gaya mata gaskiya. Na ce hoton zai iya nuna cewa ba komai, ta ci gaba da zamanta, zai kuma iya nuna cewa dole ta tashi. Na ce ba zan ɓoye ko wanne ba.

Ta ce, "To ki bar ni da wakena."

Na bar ta. Kwana biyu abincina yana zuwa a rufe, amma ba tsokana. Wannan shirun ya fi mini zafin garin ciwo. Ana nan wata safiya ina alwala, ta zo ta ajiye wata tsohuwar waya a kan taga, an naɗe ta a ƙyalle.

"Ki yi caji, ta daɗe a mace. Kuma kar ki nuna mini."

Dattijo ne siriri mai fara'a, yana riƙe da kofin shayi. A saman kafaɗarsa ga tsagar nan ɓaro-ɓaro, ta yi kwana ta miƙe sama. Na yanke shi daga hoton kamar yadda na yi wa sauran. Na ba kwamfuta. Kafin shayina ya huce ta zana jan layi, ya hau, ya karkata dama, ya tsaya ɗan taƙi kaɗan ƙasa da cikin tankin. Na sake gwadawa ta hanyoyi daban-daban, ina cire wasu hotunan ina mayarwa. Layin bai sauya ba.

A taron kwamiti aka yi mini ca. Rage ruwa a bakin bazara ba ƙaramar magana ba ce. Wani ɗan kasuwa ya ce, "Shaton nan ya girme ki. Tun kafin a haife ki yake tsaye, yau na'urarki za ta kayar da shi da hoton biki?" Wani ya ce ai an riga an gyara, kowa ya ga fenti.

Ban yi musu da kowa ba. Na ce a kawo tsani da alli.

Na ɗaure mayafina a ƙugu na hau. Ina duba kwamfuta ina aunawa, na ja layi da shuɗin alli a kan farin fentin, tun daga inda aka farfasa har can sama, wurin da ko maginin ya ce bai ga komai ba ranar da ya yi shafe. Na sauko na ce, "Ban taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin nan ba, ku shaida ne. A kankare a bi allin. In ba a same ta ba, gobe in hau mota in koma garinmu, ku ce Bakanuwa ta zo ta yi muku ƙarya."

Maginin ya hau da kurfi. Ya fara kankarewa a hankali, farin ɓawo yana zubowa. Ga tsagar. Ya ƙara sama, ga ta. A inda allin ya yi kwana ita ma ta yi kwana. Akwai wurin da ta kauce wa layina da kamar faɗin yatsu biyu, na faɗa da bakina kafin wani ya faɗa, sannan ta dawo. Da ya kai ƙarshen allin sai ya tsaya, ya shafa wurin, ya juyo da tafin hannunsa ya nuna wa jama'a. A jiƙe yake.

Malam Ghissa ya gyara rawaninsa ya ce, "A rufe fanfo mai cika shi. Yau, ba gobe ba." Sannan ya dube ni. "Injiniya, kai ka yi aikinka. Mu ne muka so mu rufe maka ido da alheri."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Abin da na ɓata shekaru ina ginawa ya tsaya da ƙafarsa a gaban mutanen da ba su da dalilin yarda da ni. Amma da na waiga wajen rumfa, Inna Mariama ba ta nan.

Aka rage ruwan, aka zagaye shaton da igiya, aka aika wa hukuma a zo a ɗaure ginshiƙin da ƙarfe. An ce aikin zai ɗauki lokaci, kuma ko an gama ba za a sake barin kowa ya zauna a ƙarƙashi ba. Wurin da aka ba Inna yana bakin hanya, fili ne fetal, ko kara babu.

Da safe na je na same ta tana kwance igiyoyin rumfar da kanta. Na tsaya daga nesa, na rasa ta inda zan fara.

"Inna, ki yafe mini."

Ba ta juyo ba. "Me kika yi?"

"Na raba ki da wurinki."

Ta ci gaba da kwance ƙulli. Can ta ce, "Kin san a nan nake wanke tukwane, fuskata tana kallon ginshiƙin nan. Kullum ina ganinta. Tana daidai kafaɗata, ta wuce kaina, ta kai inda sai na ɗaga ido. In 'yan makaranta suka zauna suna ci, sai in yi ta salati a raina har su tashi. Ranar da aka shafe ta da sima, duk unguwar nan ba wanda ya kai ni murna. Ni na dafa wa maginin abinci kyauta."

"To me ya sa kika ba ni wayar?"

Sai a lokacin ta juyo. Idanunta sun yi ja.

"Don ko da aka shafe ta, ban daina salatin ba."

Ta sunkuya ta ɗauki babbar tukunyar, ta ɗora mini a ka ba tare da ta tambaye ni ba, ita kuma ta rungumi murhu. Muka fita daga inuwar, tana gaba ina biye, rana tana dukan mu.